Jawabi A Kan Tilasta Wa Yara Zuwa Makaranta, Wanda Aka Yi A Tukur-Tukur



An ce in yi magana a kan ko ya kamata a tilasta wa yara zuwa makaranta. To, ni kaina ba da son raina na je ba. Dogari ne ya kamo ni a gonar gero, uwata na biye tana kuka kamar an yi rasuwa.

Kun san yadda ake yi a wancan zamani. Takarda ta fito, a ce hakimi ya kawo yara kaza, shi ya raba wa dagatai, su kuma su ɗora wa masu unguwa. Mai hali ya kai akuya ko 'yan sulalla da dare, a tsallake gidansa. Sa'an nan a kama maraya, ko ɗan bara, ko ɗan wanda ba ya shiri da mai unguwa. Da yawa cikin waɗannan su ne daga baya suka zauna a ofis, wanda aka ɓoye a rumbu ya zo yana gaishe su.

Amma kada mu ce jahilci ne kurum ya sa iyaye gudu. Tun 1905 Likita Mila na Mishan ya zauna cikin birnin Zariya, waɗansu yaran da suka yi karatu a hannunsa suka bi addininsa, sai a 1929 aka mai da Mishan Wusasa. Watau tsoron nan yana da tushe. Ga kuma damina, lokacin da uba ba shi da mataimaki sai ɗansa. Ga talla, wadda da ita uwa ke tara wa 'yarta kayan ɗaki. Ga malamin allo da ke tafiya ci-rani da almajiransa.

Da na zama malamin Elementare, akwai yaron da ke fashi duk ranar kasuwa. Na yi ta yi masa bulala, bai taɓa cewa uffan ba. Sai da ya bar zuwa ɗungum na ji ashe ubansa makaho ne, shi ke yi masa jagora. Har yau abin nan yana ci mini rai, gama ƙafa ba ta hana ni zuwa gidansu ba, ban dai je ba ne.

En'e ta shuɗe a 1976. A 2004 Gwamnatin Tarayya ta kafa doka cewa karatun farko kyauta ne kuma tilas. Uban da ya ƙi, a fara yi masa gargaɗi, in ya sake a ci shi tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata guda. Ni ban ƙi dokar ba, don ba domin tilas ba da ban tsaya gabanku yau ba. Sai dai tarar uban da ya rasa abin kai wa baka ba ta mai da ɗansa aji.

Nan Tukur-Tukur aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, ga Kwalejin Barewa kusa da mu tun 1949, amma ku fita da hantsi ku ga yara da farantan talla a bakin hanya. Roƙona ga iyayenmu hakimai shi ne, yaron da ya yi fashin kwana uku, shugaban makaranta ya gaya wa mai unguwa, su taka tare har zauren uban su ji dalili, kafin a ɗauki bulala ko a kai ƙara. Malamin da ya yi fashi kuwa, shi ma a rubuta sunansa cikin rajistar.

Allah ya ja zamanin Sarki. Wassalam.