Mu Koyi Zana Taswirar Inda Muke Zaune

Jawabin da sakataren kwamitin filaye na ƙungiyarmu ya gabatar a taron wayar da kai na rassan Nguru da Gashuwa.

 

An umarce ni in yi magana a kan taswira da kuma abin da ake kira GIS. Na san wasu za su ce ina ruwan manomi ko masunci ko ɗan tireda da wannan aikin 'yan boko? Ku ba ni aron kunnuwanku.

Da yawa daga cikinmu kakanninmu sun zo wannan yanki ne tun bayan da jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930. Wasu fataucin gyaɗa da fata ya kawo su, wasu su, wasu noman fadama. A nan aka haife mu, a nan muka binne iyayenmu, muna nan aka ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991. Amma in rigimar fili ta taso, kalmar farko da ake jefo mana ita ce "baƙo".

To, doka ba ta ce haka ba. Sashe na 43 na Tsarin Mulkin 1999 ya bai wa kowane ɗan Nijeriya 'yancin mallakar kadara a ko'ina cikin ƙasar nan, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asalin garinsu. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Gwamna ke ba da takardar mallaka a birane, ƙaramar hukuma kuma na iya ba da izinin gargajiya a karkara. Sai dai alƙali ba zai tsaya ga cewa kana da haƙƙi ba. Zai tambaye ka daga ina filin ya fara, ina ya tsaya.

A nan muke faɗuwa. Akwai wani dattijo a cikinmu da ya gaji gona a fadama. Takardar cinikin da mahaifinsa ya bari ta ce iyaka ta gabas ita ce tsamiya, ta kudu kuma bakin ruwa. An sare tsamiyar, ruwa ya sauya hanya, shaidu duk sun rasu. Shekara uku yana zirga-zirga, ƙarshe sai da ya haƙura da kusan rabin gonar.

Ba laifinsa ba ne, ƙasarmu ce ke sauyawa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗeja ta canza. Ciyawar kacalla ta toshe magudanai, inda ake noma jiya ya zama tafki, inda ake su ya bushe. Ambaliyar 2022 kuwa kowa ya ga abin da ta yi wa gonaki da gidaje a Gashuwa. Iyakar da aka ɗora a kan itace ko bakin ruwa ba ta daɗewa a wurin nan.

Me ake nufi da GIS? Taswira ce da ake ajiyewa a kwamfuta, a haɗa ta da bayanai. Kowane wuri a duniya yana da lambobi biyu da tauraron ɗan'adam ke nunawa, kuma ko an sare itace lambobin nan ba sa gushewa. Sai a jera bayanai hawa-hawa: gonaki, burtali, mashaya, rijiyoyi, makarantu, da inda ambaliya ta kai. Da irin wannan aiki aka gano ƙauyuka da rugage da masu rigakafin shan-inna ba sa kaiwa a Arewa. Ƙauyen da ba ya cikin taswira, da wuya ya shiga lissafin gwamnati.

Yau Jihar Yobe tana da hukumar YOGIS a Damaturu mai kula da bayanan filaye ta kwamfuta. Tun 2013 muna da Jami'ar Tarayya a Gashuwa, 'ya'yanmu na karatu a can. Akwai kuma OpenStreetMap, taswirar intanet ta kyauta da aka soma a 2004, wadda kowa zai iya sa unguwarsu a ciki. Tun 1999 ake bikin ranar GIS a duniya cikin watan Nuwamba, kuma shawarar kwamiti ita ce mu riƙa yin namu taron a wannan wata, shekara guda a Nguru, shekara guda a Gashuwa.

Ga abin da muke roƙo. Na ɗaya, kowane reshe ya ba da matasa biyar, maza da mata, a koya musu ɗaukar lambobin wuri da wayar hannu. Na biyu, kowane magidanci ya fito da takardun filinsa a ɗauki hotonsu a adana. Na uku, ranar zagaya iyaka a tafi da maƙwabcin gona da bulama ko mai unguwa, kowa ya sa hannu. Na huɗu, a sa burtali da mashaya a taswirar, domin makiyayi ma yana da haƙƙi.

Sai gargaɗi biyu. Taswirar waya ba takardar mallaka ba ce, kuma takan yi kuskuren 'yan mitoci. Takarda sai an bi ta hannun safiyo mai rajista da hukuma. Sa'annan kada wanda ya auna filin wani a ɓoye. Muna wannan aiki ne don kashe fitina, ba don tayar da ita ba, shi ya sa za mu fara sanar da sarakunan Nguru da Bade da ƙananan hukumomi kafin mu soma.

'Yan'uwa, rigakafi ya fi magani. Rajistar matasa tana wurin sakataren kowane reshe, kuma za a rufe ta ƙarshen wata.