KITSEN HANTA GA WANDA BA YA SHAN GIYA: YADDA ZA A SHAWO KANSA



Mutane da yawa suna zaton mashayin giya ne kaɗai hantarsa ke lalacewa. To, ba haka abin yake ba. Tun a shekarar 1980 likitocin asibitin Mayo da ke Amurka suka bayyana kumburin hanta mai kitse a jikin waɗanda ba mashaya ba ne. A yau fiye da mutum 1 cikin manya 4 na duniya yana da kitse a hantarsa.

Ita hanta tana ƙarƙashin haƙarƙari ta gefen dama. Ita ke tace jini, ta sarrafa abinci, ta kuma yi ruwan matsarmama. Idan kitse ya wuce kashi 5 cikin 100 na nauyinta, sai a ce ta kamu. Mai ƙiba, musamman mai tumbi, da mai ciwon sukari, da mai kitse a jini, su cutar ta fi kamawa. Mugun halinta shi ne ba ta nuna alama da wuri. A jikin wasu sai hantar ta kumbura, ta yi tabo, ta ƙandare, har ta kai ga ciwon daji.

To, mene ne abin yi?

Na farko, a rage ƙiba sannu a hankali, kamar rabin kilo zuwa kilo 1 a mako. Mai kilo 80 in ya zubar da kilo 4, kitsen zai ragu. In ya zubar da kilo 8, kumburi da tabon ma suna iya lafawa.

Na biyu, a gyara cima. A rage lemon kwalba, da shayi mai sukari da yawa, da soye-soye, da malmalar tuwo ko teba ko sakwara mai yawa. A yawaita wake, da kifi, da zogale, da alayyafo. A zubar da gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, domin gubarta tana cutar da hanta.

Na uku, a motsa jiki. Tafiya da sauri ta minti 30, kwana 5 a mako, ta wadatar a matsayin mafari.

Na huɗu, a guji giya da jiƙe-jiƙen masu talla a tasha da kasuwa. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya riƙe maganinsa, gama ciwon zuciya ne ya fi kashe masu wannan cuta.

A shekarar 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani magani mai suna resmetirom, amma domin waɗanda hantarsu ta riga ta yi tabo ne, kuma sai da umarnin likita.

Saboda haka, duk mai tumbi ko ciwon sukari ya je asibiti a auna jininsa, a ɗauki hoton cikinsa. A nemi gwajin ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a ƙasarmu, kuma yana da allurar rigakafi. Tun ran gini ran zane. Hantar da aka tara da wuri tana iya komawa garau.