Koyi da Allah: Jinƙansa ko Kursiyinsa?



Akwai wurare biyu a Littafi Mai Tsarki waɗanda in ka jera su kusa da juna sai ka ga kamar suna karo. A Farawa sura 3, abin da maciji ya yaudari Hawwa'u da shi shi ne alkawarin cewa ita da mijinta za su zama kamar Allah, kuma a koyarwar Kirista daga wannan kwaɗayi faɗuwar ɗan Adam ta faro. Sai ga Manzo Bulus a farkon sura 5 ta wasiƙarsa ga Afisawa yana umartar masu bi su yi koyi da Allah, yadda ƙaunatattun 'ya'ya suke koyi da ubansu. Abin da ya zama zunubi a gonar Aidan ya koma farilla a Afisa ke nan? Ra'ayina shi ne, duk wanda ya warware wannan ƙulli ya kuma sami ma'aunin da zai bambanta bangaskiyar gaske da ta bogi. Tambaya ɗaya ce ke ƙarƙashin duka biyun: cikin abubuwan da aka san Allah da su, wanne mutum yake marmarin ya kwaikwaya?

Ku koma ƙarshen sura 4 ta Afisawa ku ga abin da Bulus ya jera kafin ya ba da wannan babban umarni. Ba za ku sami wani abin al'ajabi ba. A daina ƙarya. Wanda ya yi fushi kada ya kwana da shi. Ɓarawo ya bar sata ya kama sana'a, har ya sami abin ba mabukaci. A tsare baki daga ruɓaɓɓiyar magana. Sannan a yafe wa juna, domin Allah ya riga ya yafe ta wurin Almasihu. Daga nan kai tsaye ya ce a yi koyi da Allah. Yesu ma haka ya yi a Matiyu sura 5. Da zai nuna wa almajiransa halin Ubansu na sama, sai ya ɗauko rana da ruwan sama, waɗanda ba sa tsallake gonar mugu su sauka a ta mai kirki. Ya ce wanda ke ƙaunar maƙiyinsa shi ne ya ɗauko halin gidan. Luka, a sura 6, ya taƙaita zancen a kan jinƙai. Bahaushe ya ce kyan ɗa ya gaji ubansa, amma gadon da Sabon Alkawari ya miƙa wa mai bi na jinƙai ne da gafara da gaskiya da tsarki. Babu inda aka ce ya gaji sanin gaibu, ko ikon rayawa da kashewa, ko kujerar shari'a. Ramuwa ma, Romawa sura 12 ta ce a bar wa Allah kayansa.

Na san kunnen Musulmi zai ɗan ɗaga in ya ji ana maganar koyi da Allah, tunda Allah ba shi da tamka. Kirista ma ya yarda da haka, Annabi Ishaya ya nanata shi a sura 40. Kuma 'yan'uwanmu Musulmi, masana cikinku sun san Imam Gazali ya yi littafi a kan kyawawan sunayen Allah, inda ya tattauna rabon da bawa zai iya samu daga kowane suna ba tare da ya yi tarayya da Ubangijinsa ba. Tauhidinmu ya sha bamban a wurare masu nauyi, ba na ɓoye wannan, amma wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a ɗakunan karatunku.

To, yaya bangaskiyar bogi take? Mukan zaci mai ita shi ne wanda a zuciyarsa bai yarda da kome ba, yana wasan kwaikwayo kawai. Akwai irin wannan, amma ba shi ya fi damun marubutan Sabon Alkawari ba. Ku dubi Siman na Samariya a Ayyukan Manzanni sura 8. Masihirci ne da garin duka ke girmamawa. Ya ji wa'azin Filibus, nassin ya ce ya ba da gaskiya, aka yi masa baftisma, ya manne wa Filibus. Da ya ga Bitrus da Yohanna suna ɗora wa mutane hannu suna karɓar Ruhu Mai Tsarki, sai ya zaro kuɗi yana neman a sayar masa da wannan iko. Siman bai musanta Allah ba. Ya ga wani abu na Allah ya yi masa kyau, kuma abin nan iko ne. A Matiyu sura 7 Yesu ya ƙara tsananta maganar. Ya ce a ranar shari'a za a sami mutane da suka yi annabci da sunansa, suka fitar da aljanu, suka yi mu'ujizai masu yawa, amma zai ce bai taɓa saninsu ba. Ku lura, bai ƙaryata mu'ujizan ba. Ya dai ƙi karɓarsu a matsayin shaida.

Wannan ya kamata ya hana mu barci, mu da muke zaune a ƙasar da allunan talla na tarurrukan mu'ujiza suka cika bakin titi. Ana cewa ka shuka iri, wato ka ba da kuɗi, domin Allah ya ninka maka. Ana da "mutumin Allah" wanda ba mai tambayarsa inda baiko ya tafi, don wai ba a taɓa shafaffe. Ana kwana ana addu'ar wuta ta sauko ta cinye maƙiya, a kira kishiya ko maƙwabci ko abokin aiki da suna. Yakubu da Yohanna sun taɓa neman izinin yin irin wannan addu'a a kan wani ƙauyen Samariyawa da ya ƙi karɓar Yesu, a Luka sura 9, kuma abin da suka samu tsawa ce.

Matsalar ba sabuwa ba ce, kuma Kiristocin farko sun fi mu ƙarfin hali wajen fuskantarta. A 1873 wani malamin Ikkilisiyar Girka, Filotiyos Biriyeniyos, ya gano wani tsohon rubutu a wani ɗakin karatu a birnin Istambul, ya buga shi a 1883. Ana kiransa Didake, wato koyarwar manzanni goma sha biyu, kuma masana suna sa shi a ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2. Ɗan littafi ne, ana iya karance shi a zama ɗaya. A wancan zamani manzanni da annabawa suna yawo gari gari, ikkilisiyoyi kuma a gidaje suke taruwa, ba hedikwata, ba takardar shaida. Baƙo ya iso da yamma ya ce Ruhu ne ya aiko shi. Me za a yi da shi? Didake ya ce a karɓe shi da daraja. Ya kwana ɗaya, in da larura ya ƙara na biyu. In ya kai uku, annabin ƙarya ne. In zai tafi, a ba shi gurasar da za ta kai shi masauki na gaba. In ya nemi kuɗi, annabin ƙarya ne. In ya ce Ruhu ya umarta a shirya abinci sannan shi ya zauna ya ci, annabin ƙarya ne. In kuwa ya roƙa domin wasu mabukata, kada kowa ya zarge shi. Baƙon da ke son zama a garin, ya kama sana'arsa ya ci guminsa, in ya ƙi to fatauci yake yi da sunan Almasihu.

Wani zai ce wannan ai rowa ce aka sa wa rigar addini. A'a, domin littafin nan ɗaya ya ce annabin gaske da ya zauna a cikinsu ya cancanci nunan fari na amfanin gona da na garke. Abin da ya burge ni shi ne mutanen nan ba su yi ƙoƙarin leƙa zuciyar baƙo ba, ba su kuma auna zafin wa'azinsa ba. Sun dubi abin da kowace tsohuwa a ikkilisiya za ta iya gani da idonta: kwana nawa ya yi, me ya ci, me ya sa a jaka. Ƙa'idarsu ita ce annabin gaske yana da halin Ubangijinsa, Ubangijin kuwa shi ne wanda ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa.

Kada 'yan'uwana na tsofaffin ikkilisiyoyi, masu littafin waƙoƙi da tsarin sujada, su gyara zama suna murmushi, don ma'aunin bai tsallake mu ba. Bayan babbar farkawar da ta girgiza yankin Sabuwar Ingila a Amurka, inda mutane suka riƙa kuka suna faɗuwa a majami'u, Jonatan Edwas, faston garin Nosamtin, ya fitar da littafi a 1746 a kan motsin zuciya a addini. Ya jera abubuwa goma sha biyu da ya ce ba sa tabbatar da bangaskiya, ba sa kuma ƙaryata ta, cikinsu har da rawar jiki, zaƙin baki a zancen Allah, ayoyi su riƙa faɗo wa mutum a rai, yawan zuwa sujada, da cikakken tabbaci cewa an sami ceto. Ya hana mai ihu tinƙaho da ihunsa, ya kuma hana mai shiru raina shi. Alamar da ya fi ba muhimmanci, ya kuma fi tsawaita bayani a kanta, ita ce aikin mutum na yau da kullum, shekara da shekaru. Manzo Yakubu ya riga shi. Ya ce in don sahihiyar aƙida ce, aljanu ma sun san Allah ɗaya ne. Mutum yana iya haddace katikisma, ya zama dattijon ikkilisiya, ya kuma cinye gonar gwauruwar ƙanensa.

A Arewa, inda wannan koyarwa ta fi ɗaci shi ne wajen ƙaunar maƙiyi. Mai sauƙin faɗa ne a kan mumbari, amma a cikin zauren nan akwai waɗanda suka binne nasu. Ba zan yi musu wa'azin arha ba. Zan dai tuna mana da Fasto James Wuye na Kaduna, wanda ya jagoranci matasan Kirista masu ɗaukar makami, ya kuma rasa hannunsa na dama a rikicin 1992 da ya biyo bayan na Zangon Kataf. A rikicin nan Imam Muhammad Ashafa, da ke ɗaya ɓangaren, ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. Sun haɗu a 1995, daga baya suka kafa cibiyar sasanci tsakanin addinai, suka kuma yi aikin sulhu a Yelwa da Shendam bayan kashe-kashen 2004. Abin da ya sa nake gaskata labarin Wuye shi ne bai ce gafarar ta sauko masa dare ɗaya ba. Ya faɗa a bainar jama'a cewa sun daɗe suna aiki tare alhali ƙiyayyar tana nan a ransa. Yafewa kuma ba ta rufe kotu ba. Bulus ɗin da ya hana mai bi ramuwa a Romawa 12, shi ya ɗora wa hukuma alhakin hukunta mai laifi a sura ta gaba. Kirista yana da ikon neman a kama wanda ya ƙona masa gida. Abin da aka hana shi shi ne ya je ya ƙona gidan wani mai shayi da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Saura haɗari ɗaya, kuma ya fi kusa da mu masu son gaskiya. Wanda aka ba ma'auni yakan so ya auna kowa ban da kansa. Nassi ya ba mu izinin gwada masu koyarwa, domin suna neman kunnenmu da aljihunmu, Yohanna ya faɗi haka a sura 4 ta wasiƙarsa ta fari. Ya kuma umarce mu mu gwada kanmu, a Korantiyawa ta biyu sura 13. Amma yanke hukunci a kan zuciyar maƙwabci yana cikin abubuwan da Allah bai raba wa kowa ba, kuma mai yinsa ya hau kujerar da ba tasa ba. A daren da aka kama Yesu, Bitrus ya yi rantsuwa bai san shi ba. Da an kafa kwamitin tantance masu bi a daren nan, da an kore shi tare da Yahuza.

Afirka ta Arewa ta ɗanɗana wannan. A tsanantawar Sarki Diyokiletiyan da ta fara a 303, wasu shugabannin ikkilisiya sun miƙa littattafai masu tsarki aka ƙona don su tsira da ransu. Da ƙura ta lafa, mabiyan wani mai suna Donatus suka ce duk baftisma ko naɗin da ya bi ta hannun irin waɗannan mutane ɓatacce ne, su kaɗai ne ikkilisiya mai tsarki. Rabuwar ta haura shekara 100. Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, ya amsa musu da misalin alkama da zawan na Matiyu sura 13, inda maigona ya hana bayinsa tuge ciyawa kafin kaka don kada su tuge da alkama. Hujjarsa ta fi tasu, a ganina. Sai dai a 411 aka tara bishop-bishop sama da 500 na ɓangarorin biyu a Kartaj, wakilin sarkin Rum ya yanke hukunci a kan 'yan Donatus, dokar tara da ƙwace majami'unsu ta biyo baya. Agustin, wanda da farko ya ce ba a jawo mutum ga gaskiya da ƙarfi, ya goyi bayan wannan tilas, har ya nemo mata aya daga misalin babban biki a Luka sura 14. Masu tsananta wa 'yan bidi'a a Turai sun yi ƙarnuka suna kafa hujja da wannan fassara tasa.