Jawabi Ga 'Yan Kasuwa: Awo Ba Ya Faɗin Wanda Zai Kwanta

Ya ku 'yan'uwa talakawa na Kawo da Tudun Wada, da ku 'yan Panteka masu sayen tsofaffin ƙarafa, ku saurara. Maganar gubar atom za mu yi, wadda ba a ganinta, ba a jin warinta.

Ran 13 ga Fabrairu 1960 Turawan Faransa suka fasa bom na atom a Reggane cikin Sahara, lokacin hunturu, sa'ad da iska ke kwaso ƙura ta yo kudu. Suka sake a Afrilu, suka sake a Disamba. A Janairu 1961 Gwamnatin Abubakar Tafawa Balewa ta kori Jakadan Faransa daga Ikko. Su kuwa cewa su ke yi na'ura ta auna, abin kaɗan ne.

To, mu 'yan kasuwa mun san mudu. Mudu ya kan faɗi yawan gero, amma ba ya faɗin ko ƙwari sun ci shi. Haka na'urar nan ta ke. Abin da ya faɗo mata ta ke ƙirgawa. Ba ta san abin da mutum ya shaƙa ko ya haɗiye ba.

Ga misali. Da tashar Chernobyl ta fashe a 1986, gubar ta sauka a kan ciyawa, shanu suka ci, ta shiga nono, yara suka sha, ta taru a maƙogwaronsu. Kafin 2005 an sami fiye da mutum 6,000 cikin waɗanda ke yara a lokacin da ciwon daji a wurin. Manya da suka sha nonon nan bai yi musu ɓarna haka ba, gama jikin yaro ya fi saurin kamuwa.

Ga wanda ya fi kusa da sana'armu. A 1987 a garin Goiania ta ƙasar Barazil, waɗansu suka ciro wani ƙarfe daga tsohon asibiti, suka sayar wa mai tsofaffin ƙarafa. A cikinsa akwai gari mai shuɗin haske da dare. Ya kai gida, dangi suka taɓa. Aka auna mutum wajen 112,000, aka sami 249 da gubar, mutum 4 suka mutu. Shi mai sayen an ƙiyasta ya sha awo 7 na ma'aunin da a ke kira gire, ya tashi. Matarsa awonta bai kai 6 ba, ta rasu. Dalili kuwa shi yana fita yana dawowa, nasa ya shige shi da kaɗan kaɗan, jiki ya sami damar gyara kansa. Ita tana zaune da abin a ɗaka.

Watau lissafi kaɗai bai isa ba. Sai an san shekarun mutum, da wurin da abin ya same shi a jiki, da tsawon lokacin, da ko yana da ƙuna ko rauni. Shi ya sa likitocin kirki ba su tsayawa ga na'ura. Su kan tambayi yaushe amai ya fara, gama wanda ya yi amai cikin awa 1 yana cikin haɗari. Sa'an nan su ɗebi jini su ƙirga fararen ƙwayoyinsa, kwana 2 a jere.

Saboda haka ga abin da mu ke roƙonku. Kadan aka kawo muku ƙarfe mai nauyin dalma, da alama mai kunnuwa 3 kamar fanka a kan rawaya, kada ku fasa, kada ku kai gida. Ku matsa nesa, ku sanar da hukuma. Akwai hukumar lura da kayan nukiliya ta ƙasa, wadda dokar 1995 ta kafa, aikinta ke nan. Wanda ya taɓa kuma ya tafi asibiti ya faɗi gaskiya, ko bai ga kome a fatarsa ba, domin ƙunar ta kan yi kwanaki kafin ta fito.

In wani babba ya ce muku an auna, ba kome, ku ce masa a auna jinin yaranmu tukuna. Ran talaka ba na gwaji ba ne. Allah Ya kiyashe mu, amin.