Alhaji, Ba Ka Gane Muryata Ba?

Jawabin da aka gabatar a taron cika shekara na ƙungiya, Maraɗi

 

 An ce in yi magana kan damfarar waya. Na ga masu abinci sun fara kai-komo a bayan rumfa, don haka ba zan riƙe ku da yawa ba.

In aka cuci ɗan kasuwa ta waya, abin da yakan faɗa shi ne an yi masa kutse. In ka zaunar da shi ka bi labarin a hankali, sau da yawa za ka tarar ba a taɓa wayar ba. Shi da bakinsa ya karanto lambar sirri, ko da yatsansa ya tura kuɗin. Akwai wani Ba'amurke, Kevin Mitnick, wanda ya yi ƙaurin suna wajen kutsen kwamfuta har aka kama shi a 1995. Bayan ya fito daga kurkuku ya rubuta littafi a 2002, ya bayyana cewa babban makaminsa kiran waya ne: ya kira ma'aikaci, ya yi masa magana kamar ɗan gida, ma'aikacin ya buɗe masa ƙofa da kansa. Abin da ya fi zafi shi ne da kyawawan halayenmu ake kama mu, wato kunya, girmama babba, da saurin agaza wa ɗan'uwa in ya shiga matsala a hanya.

Ku duba yadda kiran yake farawa. Baƙuwar lamba ce. Ka ɗauka, aka yi sallama cikin sakin fuska, aka tambayi iyali da kasuwa, sannan a ce, "Haba Alhaji, ba ka gane muryata ba?" Kunya ta kama ka, don ba ka son a ce ka manta da mutum. Sai ka ce, "Ko direban Alhaji wane ne?" Shi ke nan, kai ka raɗa masa suna. Daga nan duk abin da zai faɗa, a kan sunan da ka ba shi zai ɗora. Maganin wannan kalma uku ce: "Wa ke magana?" In ya sake cewa ka canka, ka ce ba ka iya canka ba. Mutumin kirki zai yi dariya ya faɗi sunansa.

Wani kuma ba ya bukatar ka canka, ya riga ya yi bincikensa. Ya san tirelarka ta tashi daga Dawanau ranar Talata, ya san sunan direba, ya san buhu nawa ne. Sai ka ce a ranka, wanda ya san wannan ai namu ne. To, mutum nawa suka san wannan? Masu lodi sun sani, yaron mota ya sani, mai shayin tasha ya sani. Ɗanka ya ɗauki hoton motar da lambarta ya sa a WhatsApp yana roƙon Allah ya kai lafiya. Mujallar nan tamu ma, da za a buga wannan jawabi a ciki, cike take da sunaye da hotuna da lambobin waya na masu taya murna. Ban ce a daina ba. Ina cewa ne sanin labarinka ba shaidar kowa ba ce.

Sai gaggawa. An tsare mota tsakanin Jibiya da Ɗan Isa, 'yan duwan sun ce in ba a biya jaka ɗari uku kafin la'asar ba za a sauke kaya, wayar direba tana hannunsu, ga lambar da za a tura. Ba banza ake zaɓen lokaci ba: Juma'a ana shirin masallaci, ko jajibirin Sallah, ko ranar kasuwa kana tsakiyar ciniki mutum biyar suna kiran sunanka. So ake tsoro ya riga tunani isowa. Ku tuna lokutan da hanya ta rikice: rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ƙarancin takardun naira a farkon 2023 da ya tilasta wa wanda bai taɓa tura kuɗi ta waya ba ya fara, sannan takunkumin CEDEAO bayan 26 ga Yulin 2023. A irin wannan lokaci kaya yana bi ta hannun mutanen da ba ka sani ba, kuma kowane mugun labari yana kama da gaskiya.

Nan zan faɗi wadda ba kowa zai so ji ba. Wanda kayansa ya bi ta bayan gida ya fi kowa sauƙin cuta, domin in aka ce masa "kada ka gaya wa kowa" zai yi shiru, kuma in an cuce shi ba zai doshi jandarma ba. Ɗan damfara ya san haka sarai.

Iyayenmu, ku kuka fi ni sanin cewa fatauci bai taɓa tsayawa kan yarda da baƙo haka kawai ba. Fataken da suka bi hanyar Gwanja suna kai kanwa da tufafi su sayo goro a Salaga, ba a tsakiyar kasuwa suke zube kaya ba. Wurin fatoma suke sauka. Shi ke ba su masauki, shi ke ajiye kaya, dillalinsa ke nemo mai saye, in an ba da bashi shi ke tsayawa. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan, ya fitar da littafi a 1969 kan yadda ake sayar wa mahauta shanun Arewa bashi, maigida yana tsaye a tsakani da mutuncinsa. Amana ce, amma amana mai shaida. Waya ta zo ta cire wannan mutum na tsakiya, ta bar ka kai da murya. Kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Wanda ya ce a tabbatar kafin a biya bai zargi kowa ba.

Muryar ma yanzu ba abin dogaro ba ce. A farkon 2024, a Hong Kong, wani ma'aikacin kamfanin Arup ya shiga taron bidiyo, ya ga fuskar babban jami'in kuɗinsu da abokan aikinsa, ya ji muryoyinsu, ya tura kimanin dala miliyan 25. Duk na'ura ce ta ƙirƙira su. Mu da muke aika saƙon murya safe da yamma, mun ba da samfurin muryarmu kyauta.

Sauran dabarun kun san su, zan ratsa su da sauri. Saƙon shigar kuɗi na ƙarya, mai saye yana tsaye yana cewa motarsa za ta tashi: kada kaya ya bar shago sai ka duba asusunka da kanka ka ga kuɗin sun zauna. Wanda ya ce ya turo maka kuɗi bisa kuskure ka maido masa: duba asusu, ba saƙo ba. Abokin ciniki na shekara goma da ya aiko rana tsaka cewa ya canza lambar asusu: kira tsohuwar lambarsa ka ji daga bakinsa. Masu ninka kuɗi kuwa, wanda ya ga yadda MMM ta rufe asusun mutane a Najeriya a Disamban 2016 bai kamata a sake yi masa wa'azi ba.

Guda ɗaya ce zan ɗan tsaya a kanta, don ta shafi ƙungiya kai tsaye. Za a kira ka a ce daga sakatariya ne, za a yi taro ta intanet, an turo maka lamba shida ka karanto a sa sunanka. Abin da ya faru shi ne mutumin ya shigar da lambar wayarka a WhatsApp na tasa wayar, kamfanin ya aiko maka lambar tabbatarwa. Kana karantawa, WhatsApp ɗinka ya koma hannunsa, da hotonka da duk zaurukan da kake ciki. Kafin magariba ya roƙi rance wurin mutum hamsin da sunanka, kuma saboda mutuncinka za a ba shi. Akwai kariya a cikin manhajar, tabbatarwa mai mataki biyu, inda kake sa lambar sirri taka ta kanka. Wanda bai iya ba, ya sa ɗansa ya nuna masa wurin, amma shi zai danna lambar da hannunsa.

Yanzu ga masu gida. Yaron shagonka ba zai iya ce wa muryarka a'a ba, haka ka tarbiyyantar da shi. Hajiya ma yarinyar da ke riƙe mata kuɗin adashi ba za ta iya ba. Don haka kai za ka ba shi izini tun kafin ranar ta zo, a gaban mutane: in na kira ka ko na aiko saƙo na ce tura kuɗi, kashe wayar ka kira ni a lambar da ka sani, ko da ni ne da gaske. Ranar da ya yi hakan kana cikin sauri, ka daure kada ka yi masa tsawa. Tsawa ɗaya ta isa ta sa gobe ya tura ba tambaya. Haka kai da direbanka, ku ajiye wata kalma tsakaninku kafin mota ta tashi, wadda ba a rubuta ta a waya ba.

Roƙona ga kwamiti biyu ne. A sa mana mutum ɗaya sananne a kowace iyaka da muke bi, Ɗan Isa, Ƙonni, Gaya, Magarya, wanda in an ce an tsare mota za a kira shi ya taka ya gani da idonsa. Sannan wanda aka cuta ya samu inda zai faɗa ba tare da an mai da shi abin hira a majalisa ba. Kunyar faɗa ce ke sa lamba ɗaya ta ci mutum biyar a layi ɗaya na kasuwa, kowa yana zaton shi kaɗai ne. Sakatare ya karɓi lambar da irin maganar da aka yi, ya sanar a zaure a ranar, ba sai ya ambaci sunan mai abin ba.