Ma'auni Ba Ya Auna Kansa



A ƙarshen shekarata ta farko ta digirin digirgir a nan Ingila, kwamitin da ya duba aikina ya ce in je in gyara, in dawo bayan wata uku. Iyakar maganar ke nan. Amma abin da kunnena ya ji daban ne: muryar wani malaminmu na firamare da ya saba kirana daƙiƙi. Na ce wa kaina, "To, asiri ya tonu. Da ma sa'a ce ta kawo ka." Na daina zuwa sujada, na fara duba kuɗin jirgin komawa gida.

Mu injiniyoyi mun san ma'auni ba ya auna kansa. Sikelin da ya karkace ba zai faɗa maka ba, sai an ɗora masa abin da aka san nauyinsa. Haka zuciya take.

Lahadi ta uku, wata mama daga zumuntarmu ta buga mini ƙofa da kular tuwo da miyar kuka. Da na zazzage mata cikina, sai ta ce, "Ɗana, wa ya koya wa yarana lissafi har suka ci jarrabawa? Daƙiƙi ne?" Wani ɗan'uwa kuma ya riƙa zama da ni kowace Asabar muna bin rahoton shafi-shafi. Kuskure kam akwai, sun nuna mini. Amma sun sa na gane aikin ne ke neman gyara, ni ban lalace ba.

Ku duba Ayyukan Manzanni 15. Yohanna Markus ya taɓa barin aiki a Bamfiliya, saboda haka Bulus ya ƙi sake tafiya da shi. Barnaba ya ɗauke shi suka nufi Kubrus. Bayan shekaru, a 2 Timoti 4, Bulus ɗin nan ne ke cewa a kawo masa Markus domin yana da amfani gare shi. Da ba don Barnaba ba, wane labari Markus zai yi ta ba kansa?

Na koma gaban kwamitin, na wuce. Roƙona ga sababbin shugabanni ɗaya ne: ku lura da kujerar da ta yi mako biyu ba mai ita. Saƙon WhatsApp bai isa ba, ku taka ku je ƙofarsa.

Ubangiji ya sa mana albarka.