ARZIKI NA GIDA, HAYAƘI NA KOWA

Jama'a, duk wanda neman abinci ya kai shi Fatakwal ko Warri ya san wutar nan ta gas da ke ci dare da rana a filayen haƙar mai. Tun 1979 aka kafa doka cewa daga 1984 a daina ƙona shi, amma har yau wutar ba ta mutu ba. Ana shigar da kuɗin mai cikin lissafin arzikin ƙasa, hayaƙin kuwa babu mai rubuta shi a littafi.

Wannan ba Nijeriya aka fara ba. Lokacin da hayaƙin kwal ya dami biranen Ingila, sai aka tsawaita bututun masana'antu, iska ta kwashi gubar ta ƙetare teku da ita, ta sauka tare da ruwan sama a Norway da Sweden, kifaye suka mutu a tafkunan mutanen da ba su ci ribar ko sisi ba. Sai a 1979 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Janiba don rage wannan ɓarna.

To, iskar kabon ta fi wannan muni, domin ba ta tsayawa a kan maƙwabci. Takan gauraya da iskar duniya baki ɗaya, ta daɗe ɗaruruwan shekaru tana ƙara zafi. Ƙasar Sin ta buɗe kasuwancinta a 1978, ta fitar da miliyoyin mutane daga talauci da ƙarfin kwal, kuma wajen 2006 ta wuce Amurka a fitar da wannan iska. Afirka duka ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba, amma zafin bai tsallake manomin Sakkwato ba.

Shin dole ne arziki ya zo da hayaƙi? Ingila ta rage nata da kimanin rabi tun 1990 alhali arzikinta na ƙaruwa, har ta rufe tasharta ta ƙarshe mai aiki da kwal a 2024. Sai dai a yi hattara da yabo: da yawa daga kayan da take saye a Sin ake ƙera su, watau hayaƙin ƙaura ya yi.

Nijeriya kuwa ba sai ta zaɓi tsakanin ci gaba da tsabtar iska a wannan batu ba. Irin gas ɗin da ake ƙonawa a banza shi ne tashar lantarki ta Egbin, kusa da Ikorodu, take aiki da shi, yayin da tela a Agege yake sayen fetur ya tayar da janareto.